Babur ɗin Tuat

Shekara talatin ina haɗa kayan takarda da ake ƙona wa mamata don su same su a can lahira: gidaje, riguna, har firji. Ban taɓa samun wadda ta raina mini sana'a kamar Yaya Nhan ba.

Ita ce ungozomar ƙauyukanmu. Mijinta Tuat ke kai ta duk inda naƙuda ta tashi, a tsohon babur ɗinsa dogo mai tayoyi masu haƙora, wanda kwalta da taɓo duk ɗaya ne a wurinsa. Bara ya rasu. Saura kwana shida ya cika shekara, ranar da mamaci ke dawowa gida ya ci abinci da iyalinsa.

Ta zo neman babur ɗin takarda da za ta ƙona masa, na nuna mata waɗanda na jera, jajaye masu sheƙi, irin na 'yan birni.

"Doan, waɗannan na zuwa sayen albasa ne," in ji ta. "Ka san hanyar gidanmu da damina. So kake ya maƙale a gindin dutse, shinkafarsa ta huce?"

"Yaya, takarda ce fa. Wuta ba ta tambayar taya."

"Ni ina tambaya."

Washegari sai ga ta ta turo ainihin babur ɗin Tuat tun daga gidansu a kan dutse don in kwaikwaya, turawa kuwa don ba ta iya tuƙi ba. Kunya ta rufe ni. Kwana huɗu ina tsaga gora, ina liƙa haƙoran taya ɗaya bayan ɗaya. Na sa lotsawar tanki, na sa madubin da ya ɗaure da waya. Sirdin ne kaɗai na rage ya zama na mutum ɗaya, don tsofaffinmu sun ce ba a bar wa mamaci wuri a baya, kada ya tafi da wani.

Ta zo ta zagaya shi, ta shafa tankin. Sai ta tsaya ta baya.

"Ina wurina?"

"Yaya, kin san abin da ake faɗa."

"Na sani. Ba yanzu zan bi shi ba, matar maƙwabcinmu Sinh ta kusa sauka, Tuat zai jira. Amma shekara arba'in ban hau bayan kowa ba sai shi. Da furfurata zan fara? Ƙara sirdin, ka sa wurin ɗora ƙafa. Na hagu ya ɗan yi ƙasa, Tuat ya san ciwon gwiwata."

Tausayinta ya cika ni. Na ɗauko gora, na ƙara sirdin da wurin ɗora ƙafa, na sa na hagun ya ɗan yi ƙasa.