Kazar Ila Mai Fenti

Ranar da aka ba mu hutun makaranta na kai motona, wato babur ɗina, garejin Ila mai fenti, a bayan kasuwar Tanout. Ja nake so a yi mishi, kafin in koma koyarwa a Falanko.

"Kwana uku, Malam Sahabi," in ji Ila. Nan take ya kwance shi gunduwa-gunduwa, ya kankare tsohon fentin.

Da na dawo, aka ce ya tafi shukar hatsi. Na sake dawowa, ya ce iska ta yi yawa. Sai suna, sai ta'aziyya, sai noma. Ni kuwa ina ta yawo a ƙasa, takalmina har ya cinye.

Saura kwana biyu a koma aji na shiga garejin da kaina. Ga motona a jingine, duk tsatsa, kashin kaji ya yi mishi fari fat. An juya murfin tayar gaba an zuba ƙaiƙayi a ciki, wata kaza ta baje a kai. Wari ya buge ni, na toshe hanci.

"A yi haƙuri, Malam," in ji Ila, ko kunya babu. "Kwanci take. In an tashe ta, ƙwan zai lalace."

Sai na ji tsiyau-tsiyau daga ƙarƙashinta. Na yi tsaki, na fara tattara ƙarafuna a buhu.

"Bar ta, Ila," na ce. "Duk garejin nan ita kaɗai ta fara aiki ta gama."