Juyen Man Farko a Garejin Don Casiano

Ran da na shigo garinmu Cliza da sabuwar motata, fara sol, mai ɗaukar tan biyar, sai da na kifa kai a kan sitiyari na yi kuka. Shekara biyar na yi ina jera bulo a Buenos Aires ta ƙasar Ajantina saboda wannan rana. Uwata, Doña Eulalia, ta rataya wa motar furanni. Fadan cocinmu ya yayyafa mata ruwan tsarki har cikin inji, da ya juya baya kuma muka kwarara wa kowace taya chicha, barasar masara, don ƙasa ita ma ta sha rabonta. Na sama da na ƙasa, kowa mun sallame shi.

Saura Don Casiano.

Bakanike ne, kowa Maestro yake ce masa, wato babban gwani, kuma shi ne uban Zenobia. Zenobia kuwa, ban san yadda zan faɗa ba tare da na ba da kunya ba. Wasiƙu ɗari da goma sha huɗu na rubuto mata daga Ajantina, ta amsa tara, kuma a cikin taran biyu gyaran rubutuna ta yi. Duk da haka ta ce tana sona, ta faɗa a kasuwa, bakinta cike da gasasshiyar tantabara, ni kuma ban taɓa jin zance mai daɗinsa ba.

A garinmu, sabuwar mota in ta cika kilomita dubu, garejin Maestro ake kai ta juyen baƙin mai na farko. Zai kwance notin ƙasan inji, ya tari man a wani tsohon kwano, ya fito da shi rana yana juyawa. A cewarsa sabon inji yana zubar da ɓurɓushin ƙarfe, kuma yawan ƙyallin da ke cikin man shi ke tona halin ƙafar direba. Abin da ya gani a gaban jama'a yake faɗinsa. Da wannan kwanon ya kori maneman Zenobia biyu. Na farko ya ce masa mai garaje, wanda ba ya jiran inji ya yi ɗumi ba zai jira mace ta gama magana ba. Na biyu kuwa ban san abin da ya gani ba, kallonsa kawai ya yi, mutumin ya koma Santa Cruz da zama.

Ni damuwata biyu ce. Ta farko, littafin kamfani ya ce sai kilomita dubu goma za a yi juye, kuma a wurinsu, a birni. Sun ɗiga jan fenti a kan notin. Duk wanda ya fasa fentin nan ba su ba, garantin shekara uku ya tashi.

Ta biyu ta fi muni. Wata Lahadi, motar tana kilomita ɗari huɗu, na ɗauki Zenobia mu je ganin tafkunan Vacas. A gindin hawan dutse ta miƙo hannu.

"Ba ni mukulli."

"Zenobia, sabuwa ce fa. Ana lallaɓa ta ne."

"Kai ma sabo ne, na lallaɓa ka?"

Na ba ta. Ta hau dutsen nan a giya ta biyu, totur a ƙasa, inji yana kururuwa kamar alade a hannun mahauci, ita tana waƙa. Na riƙe ƙofa ina kiran waliyyai da sunayensu, har da waɗanda ban tabbata akwai su ba. Wallahi ban taɓa ganinta da kyau irin na ranar ba. Motata tana mutuwa, ni ina kallon gashinta a iska.

Kuma kowa ya san tun da ta ƙona kulocin tsohuwar a-kori-kurarsa, Maestro ya rantse a bainar jama'a cewa duk namijin da ya ba 'yarsa mukullin mota, kada ya ƙara taka masa tsakar gida.

Da mita ta nuna ɗari tara da casa'in na same ta a rumfar uwarta tana fige tantabaru.

"Ka bi littafinka mana, Hilarión," ta ce. "Kai da ba ka rabo da littafi."

"In na bi littafi Babanki zai ce ina ɓoye wani abu."

"Ai kana ɓoyewa."

"In na kai masa, ya ga man, ya ce ni jaki ne."

"To ka ce ni ce."

"Ya kore ni saboda rantsuwa."

Ta hure gashin tsuntsu daga leɓenta. "Kai dai ka shiga uku. Riƙe min wannan ƙafar."

Asabar da hantsi na kai motar. Direbobi sun riga ni, sun jeru a kan tsofaffin tayoyi kamar masu jiran wasan ƙwallo. Pánfilo, mai jigilar shanu, shi ya fara.

"Ga ango! Ka yi ikirarin zunubi kafin ka zo, ko nan za a yi maka?"

"Bar shi, Pánfilo," in ji wani direba, "ba ka ga fuskarsa ba? Ta fi motar fari."

Maestro bai yi dariya ba. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kuma na tabbata da baƙi a farce aka haife shi. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin mota. Can muryarsa ta fito.

"Ɗan Eulalia, akwai jan fenti a nan."

"Na sani, Maestro."

"Ka san abin da zai biyo baya in na fasa shi?"

Shekara biyar na bulo suka faɗo min a rai. Na tuna sanyin safiyar Buenos Aires, da yatsuna da suka tsattsage. Sai na tuna gashi a iska.

"Fasa, Maestro."

Sifana ta yi ƙas. Wannan ƙarar ita ce garantina yana ban kwana.

Ya tari man, ya fito da kwanon cikin rana. Ba sai an murza ba. Man yana walƙiya kamar rigar mai rawa a ranar biki. Direbobi suka leƙa, Pánfilo ya cire hula ya dafe ƙirji yana duban motar.

"Allah ya ji ƙanta. Yarinya ce ƙarama."

Maestro ya tsoma yatsa, ya murza, ya shinshina.

"Shekara arba'in ina juye mai," ya ce, "ban ga ƙafa marar tarbiyya irin wannan ba sai sau ɗaya. Wannan ƙafar ba ta san giya ta uku ba. Ba ta san tausayi ba. In aka ba ta jaki sai ta ƙona masa kuloci." Aka fashe da dariya. Ya ɗago ya dube ni. "Taka ce?"

Daidai lokacin Zenobia ta shigo da abincin ranarsa a ƙunshe. Ta tsaya. Na ga ta ja numfashi za ta yi magana, na riga ta.

"Tawa ce, Maestro."

"Kai ka hau dutse a giya ta biyu?"

"Ni ne."

"Kai da ke tsayawa kaza ta tsallaka titi, har ka jira 'ya'yanta?"

"Ranar... ranar raina a ɓace yake."

"Baba," in ji Zenobia.

"Ke yi min shiru." Ya ajiye kwanon, ya goge hannu a tsumma, a hankali, yatsa bayan yatsa. "Lahadi uku da suka wuce wata ta dawo min gida gashi a tsaye, tana warin ƙonannen kuloci. Na zauna cin abinci, warin ya hana ni jin ɗanɗanon miya. Kuna tsammani hancina na ado ne?"

Ni kuwa na fara ban kwana da komai a zuciyata, har na fara tsara wasiƙa ta ɗari da goma sha biyar.

"Wanda ya ba wannan yarinyar mukulli wawa ne," ya ce. "Wanda ya san abin da ke cikin injinsa, ya kawo min shi, ya bar garantin shekara uku, sannan ya tsaya aka zage shi a gaban Pánfilo, Pánfilo fa, saboda ita, wannan wautarsa ba ta da magani." Ya juya ga 'yarsa. "Irinsa kike buƙata. Mai hankali ba zai kai wata shida ba."

"Maestro, rantsuwar fa?" in ji Pánfilo.

"Gobe Lahadi, zan kai wa Fada ita. Shi ma ya yi aiki, ba yayyafa wa motoci ruwa kaɗai ba."

Hawaye suka zubo min, ban ɓoye ba. Na buɗe hannu zan rungume shi, ya tare ni da sifana a ƙirji.

"Kada ka ɓata min kaya. Saurara. Kamfani ya yafe ka, daga yau ni ne garantinka. Za ka dawo juye a dubu uku." Ya kalli Zenobia, ya yi ɗan tunani. "A dubu biyu. Ka ce wa Eulalia ta zo ran Alhamis mu yi magana, ta taho da chicha mai kyau, ba irin wadda kuka ba tayoyi ba."

Ya zuba sabon mai, ya ɗaure noti, ya buga wa motar tafi a gefe kamar mai ba ta haƙuri. Na ciro mukulli. Kafin in kai ƙofa, Zenobia ta ajiye ƙunshin abinci a kan ganga, ta miƙo tafin hannu.

Na dubi Maestro.

"Me kake kallona?" ya ce, yana kwance ƙunshin. "Zenobia taka ce yanzu. Ku dai bari in kawar da kwanona daga hanya."