Kati na Tamanin da Tara

"Ka buɗe ƙofar nan, bawan Allah, mutum ne yake mutuwa!"

Tela ne yake dukan ƙofar masana'antar da tafin hannu. A bayansa, cikin tasi, maƙwabcinsa Baban Biyu yana jingine a kafaɗar matarsa, numfashi na fita da ƙyar, ƙirjin nan sai ƙugi yake.

Mai gadi ya leƙo ta 'yar taga. "Katinsa fa?"

"Kati? Shekara ashirin da biyu yana wuce ka safe da yamma, yau ne ba ka gane fuskarsa ba?"

"Na san shi, wallahi na san shi. Amma asibitin ciki na masu shuɗin kati ne. Nasa ruwan ɗorawa ne, kuma tun Asabar ya ƙare. Ina buɗewa, ni ma a bakin aikina."

Tela ya ji kamar ya fizgo shi ta tagar. Ya san zancen kati sarai, don ɗakinsu da na Baban Biyu bango ɗaya ne, a layin da ke bayan katangar masana'antar. Duk wata uku sai a sallami masu ruwan ɗorawa, su zauna mako guda a gida, sannan a sake ɗaukarsu a matsayin sababbi, don kada wani ya daɗe har ya zama na dindindin. Mai shuɗi yana da asibiti da fansho da albashi ninki huɗu. Shuɗin kuwa sai mai takardar makaranta, shi ko Baban Biyu daga aji huɗu aka cire shi, shekarar da ubansa ya rasu. Tukunyar tururin da ke juya injinan gidan duka a hannunsa take, amma a takarda kullum jiya ya zo.

Abin da ya fi ci wa Tela rai shi ne abin da ya faru jiya. Suna zaune a bakin shagonsa yana ɗinki, Baban Biyu yana cikin makon zaman gida, sai ya ɗaga yatsa.

"Tsaya da keken nan. Ka ji? Tukunyar nan tana tari."

"Haba Yaya, ko Maman Biyu ba ka saurarenta haka. Sun kore ka, ka bar ta ta fashe mana!"

"Akwai mutane a kusa da ita," ya ce.

Ba a jima ba wayarsa ta yi ƙara. Injiniya ne, matashin da Baban Biyu ya koya wa riƙon sifana shekara shida da suka wuce. "Baba, don Allah ka taimaka." Ta ƙofar baya aka shigar da shi, ba sa hannu a littafin shiga, ba abin rufe hanci, don ba a ba wanda ba ma'aikaci ba kayan aiki. Ya dawo da jajayen idanu, rigarsa na warin sinadari, yana ta murna wai ya gyara ta. Da safe ya kasa tashi.

Wata farar mota ta tsaya a bayan tasin tana hon. Tela ya juya, sai ga Injiniya. Ya ruga ya kama murfin motar.

"Yawwa, Allah ya kawo ka! Ka ce masa ya buɗe. Ga asibitin can ina hango shi, taku arba'in bai kai ba."

Injiniya ya leƙa tasin, fuskarsa ta sauya. "Subhanallahi. Baba, sannu." Sai ya sassauta murya. "Malam, ka fahimce ni. A rubuce, Baba bai shigo jiya ba."

"A rubuce? To wa ya gyara muku tukunyar, aljani?"

"In na ce ya shigo, ni za a tuhuma. Ina da iyali."

"Shi fa, itace ya haifa? Kai, ba ka ji kunya ba? Mutumin da ya riƙe hannunka ya nuna maka inda ake murɗawa!"

"Ku kai shi babban asibiti, zan biyo ku yanzu."

Daga cikin tasin Baban Biyu ya ɗaga hannu. Tela ya sunkuya, ya kai kunne.

"Kada ka yi masa faɗa," ya ce da ƙyar. "Litinin zan koma. Kada su hana ni kati."

Aka buɗe ƙofar, farar motar ta shige, aka mayar aka rufe.

Babban asibiti yana ɗaya gefen gari. Suka faɗa cunkoso a bakin kasuwa, direba yana hon yana roƙon hanya, Tela ya fita da ƙafa yana bubbuga motocin mutane yana ihu. Da ya dawo sai ya tarar Maman Biyu ta daina yi wa mijinta fifita da gefen mayafi. Ta dube shi kawai. Direba ya kashe rediyo.

Injiniya bai biyo su ba. Ya dai zo gaisuwar rasuwa, ya zauna can bakin tabarma, ya ce Baba mutumin kirki ne. Tela ya tashi ya shige shago don kada ya yi abin da zai yi nadama.

Ranar Litinin da yamma wani abokin aikin marigayin ya yi sallama, yana ta sosa ƙeya. Ya ce ofis sun buga katunan sababbin ɗauka tun makon jiya, an kira sunan Baban Biyu ba a amsa ba, shi kuma ya rasa yadda zai yi da katin. Tela ya karɓa. Hoton nan ne dai na tun yana da baƙin gashi, a ƙasa an buga hatimi: sabon ma'aikaci.

"Bari in yaga banza," in ji Tela.

"A'a," in ji Maman Biyu. "Ba ya yar da su."

Ta shiga ɗaki, ta sauko da wani zaren ƙarfe daga ƙusa. Katuna ne jere a jiki, tamanin da takwas, na ƙasan har sun koɗe sun koma fari. Ta huda sabon da allurar Tela, ta zura shi a kan sauran, ta mayar ta rataye. Daga bayan katanga ana jin tukunyar tana aiki lafiya lau.