Takardar Mai Tabarau

Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa shiga ajin injiniyoyi ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran injina a masaƙa, har ranar da aka sa wa ƙofarta kwaɗo. Tun rasuwar matarsa cin abinci ya zame masa aiki. Sai ya yi loma biyu ya ture kwano, ya ce ya ƙoshi. Autarsa, wadda ke aikin jinya, ta yi faɗa ta yi lallashi, duk a banza.

Wata Asabar da rana, sun fito daga wajen awon jini, sai ya ga ta saki hanyar gida ta miƙe bayan gari.

"Auta, ɓata kika yi ko sayar da ni za ki yi?"

"Wa zai saye ka, Baba, duk ka zama ƙashi? Abinci za mu ci."

Ta tsaya a jerin wasu shaguna, tsakanin mai facin taya da kantin magani. A sama an rataye jajayen fitilu biyu na takarda waɗanda rana ta koɗe. Gidan abincin Sinawa ne. A ciki tebur takwas, akwatin gilashi mai kifi uku, fanka na juyi tana ƙara. Injiniya ya ɗaga kai ya saurare ta, ya ce ƙarfenta na neman mai. Auta ta ja shi ya zauna.

"Na tambaya tuntuni, ba sa dafa abin da ba ma ci," ta ce. "Ka zaɓa."

Ya buɗe takardar jerin abinci mai hotuna, ya bi ta shafi-shafi da yatsa, ya kai ƙarshe, ya sake dawowa farko. Da aka kawo shayi da tsinkayen cin abinci, sai ya ɗauke su ya gyara musu zama a yatsunsa, ya ɗago ƙwayar gyaɗa ɗaya daga ɗan faranti ba tare da ta kuɓuce ba. Auta ta saki baki.

"Baba! Ina ka koya?"

Sai ya ba ta labarin da bai taɓa ba 'ya'yansa ba. Kafin a haife ta, masaƙa ta sayo sababbin injina, aka turo wani Basine ya kafa su, aka haɗa shi da Injiniya. Ma'aikata suka sa masa suna Mai Tabarau. Ba mai jin yaren wani. Da hannu suke magana, da sifana, da zane a bayan kwali. In Injiniya ya ɗaure noti daidai, Mai Tabarau ya ɗaga babban yatsa. In ya kuskure, ya ƙwanƙwasa masa hular kwano. Da rana kuwa, a bayan ɗakin tukunyar tururi, Mai Tabarau yakan kunna ɗan risho ya soya ƙwai da tumatir, su zuba a kan shinkafa su ci a kwano ɗaya. Wata takwas suna haka.

"Wannan girkin nake nema a nan, ban gani ba," ya ce, ya rufe takardar.

Ya ciro walat ɗinsa, ya zaro wata takarda da aka naɗe a leda, ta yi laushi kamar tsumma.

"Ranar da zai tafi ya rubuta mini adireshinsa. Na ce zan aika masa wasiƙa. To, wa zai kwafe mini wannan rubutu mai kama da sawun kaji? Yau, gobe, har shekara talatin da biyar. Mutumin da ya ciyar da ni wata takwas, ko gaisuwa bai samu daga gare ni ba. Abin yana ci mini rai, Auta."

Kafin ya hana ta, Auta ta tashi ta nufi kanta, ta dawo da mai gidan abincin. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, tabaranta na rataye a wuya. Ta fi shekara ashirin a garin, maganar mutanen gari ta zauna a bakinta, sai dai tana cinye ƙarshen kalma. Ta goge hannu a gaban rigarta, ta karɓi takardar da hannu biyu, ta karanta. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta toshe baki.

"Baba, wannan ba adireshi ba ne."

"To mene ne?"

Ta bi layukan da farce. "Ƙwai uku. Tumatir biyu, manya, nunannu. A fara soya ƙwai a kwashe. Sukari kaɗan, gishiri kaɗan. Kada wuta ta yi sanyi." Ta matso da takardar kusa da ido. "A ƙasa ya ce: abokina, kana cin abinci da sauri, ka riƙa taunawa."

Auta ta kifa kai a tebur tana dariya har da hawaye. Injiniya ma ya yi, irin wadda rabonsa da ita tun matarsa na da rai. Ya tuna ranar: shi ne ya nuna kwanon, ya nuna takarda, yana nufin a rubuta masa inda zai same shi. Ashe mutumin ya ɗauka girkin yake tambaya.

"Ba suna? Ba gari?"

Tsohuwar ta juya takardar, ta girgiza kai. "Babu, Baba."

Nan dariyar ta tsaya masa. Duk shekarun nan yana ganin ƙofa ce a aljihunsa, shi ne dai bai ƙwanƙwasa ba. Yanzu an sauke masa laifi, amma an nuna masa babu ƙofar ma. Ya rasa wanne ya fi nauyi. Wataƙila can ma wani tsoho ya taɓa zama yana cewa, ai ban bar wa mutumin nan adireshina ba. Wataƙila kuma ƙasa ta daɗe da rufe shi.

Tsohuwar ta tsaya tana dubansa. "Ba ma sa shi a takardar jerin abinci," ta ce. "Abincin gida ne, na yara da gajiyayyu. Wa zai fito daga gidansa ya sayi ƙwai da tumatir? Amma ka jira."

Da kanta ta shiga kicin. Suna jin ƙarar mai da bugun cokali a kasko. Ba a yi minti goma ba ta fito da faranti yana tururi, ja da rawaya, da kwanon shinkafa. Ta ja kujera daga teburin kusa ta zauna, ta harɗe hannu.

Injiniya ya yi bisimilla ya kai loma. Ya tauna a hankali.

"Yaya?" in ji Auta. "Shi ne?"

"Nasa ya fi ruwa-ruwa. Kuma yana ɗan ƙauri, don rishon nan ba ya jin magana."

"Mutumin arewacinmu ne ke nan," tsohuwar ta ce. "Ba su iya ba. Nawa ya fi."

"Madam, ba a zagin abokin mutum a gabansa."

"To ci, ka rama masa."

Ya ci. Auta ta yi kamar tana fama da taliyar da aka kawo mata, wadda ke zamewa daga tsinke tana komawa kwano, amma ta wutsiyar ido tana ƙirga lomarsa. Da ta ga shinkafar ta kusa ƙarewa sai ta tura masa rabin taliyarta, bai ce a'a ba.

Tsohuwar ta tambaye shi wane irin inji suka kafa. Ashe mahaifinta ma a masaƙa ya tsufa, kunnensa ɗaya ya mutu saboda ƙara. Injiniya ya nuna nasa na hagu, ya ce ga ɗan'uwansa. Suka shiga hirar zare da ƙurar auduga da shugabannin aiki marasa mutunci, har shayi ya huce aka sake kawo wani. Auta ta duba agogo, tana da aiki ƙarfe huɗu. Ta fita waje ta kira abokiyar aikinta, ta roƙe ta ta riƙe mata na awa ɗaya.