Furen da Shakira Ta Bar Mini

Ranar da 'yata Shakira ta ce ta samu aiki a Djougou, na ce a'a tun kafin ta rufe baki. Ta karanta aikin gona a jami'ar nan ta garinmu Parakou, ta gama lafiya, na yi murna, na yanka rago. Amma ban yanka ragon don ta tattara kaya ta koma wani gari ba. Yarinyar da in ba a ce ta ci abinci ba sai ta wuni da yunwa, wa zai duba ta a can?

"Malam, Djougou fa ba ƙasar waje ba ce," in ji Inno, mahaifiyarta. "Ka hau mota da safe, ka yi azahar a can."

"Sauro bai san kusa da nesa ba," na ce.

Shakira ba ta yi gardama ba. Ta tashi ta ɗauko wani fure daga bakin tagar ɗakinta ta ajiye a gabana. Sunansa orkide. Malamarta ce ta ba ta ranar da suka gama karatu. Ganye ne masu kauri kamar harshen sa, da wani siririn kara mai fararen furanni a kai. Ko ƙasa babu a tukunyar, sai ɓawon itace.

"Baba, mu yi yarjejeniya," ta ce. "Kai ka riƙe mini wannan, ni kuma in riƙe kaina, har Babbar Sallah. In na dawo a rame ko da ciwo, na bar aikin. In kuma furen ne ya lalace a hannunka, to ka daina cewa in dawo gida."

Na yi dariya. Ni Sanoussi, wanda ya raini 'ya'ya har suka yi hankali, ya riƙe shagon kayan babur a unguwar Banikanni tun ba a yi kwalta a layinmu ba, ganye ne zai gagare ni? Na amince a gaban Inno.

Kafin ta tafi ta yi mini bayani. A bar shi a bakin taga inda iska ke shiga amma rana ba ta dukansa. A ba shi ruwa in ɓawon ya bushe. A riƙa fesa wa ganyen ruwa, a goge. Na ce na ji.

Tana tafiya na zauna na yi tunani irin na manya. Bakin taga akwai yara masu ƙwallo. Akwai akuyar maƙwabta, wadda ta taɓa cinye mini rasit. Akwai kuma idon mutane, wanda ya fi akuya ɓarna. Sai na ɗauke furen na kai ɗakina, na rufe taga, na sauke labule. Maganar fesa ruwa kuwa na soke ta. Wane mai hankali ne zai jiƙa abu, sannan ya bar shi a iska? Haka mura ke kama yara. Da zafin bazara ya tsananta, na kunna masa fanka, ni na kwanta a falo ina gumi.

"Ni da na haifa maka 'ya'ya ba ka taɓa ba ni fanka ni kaɗai ba," in ji Inno.

"Ke ba a yi yarjejeniya a kanki ba."

Kullum ina kiran Shakira. Ta ci abinci? Ta ɗaura gidan sauro? Ruwan da take sha na ina ne? Ita kuma sai ta ce, "Lafiya lau, Baba. Ya furena?" Ni kuma in ce, "Har ƙiba yake yi."

Wata safiya na ga ganyen ya yi ɗige-ɗige, fari-fari, kamar an yayyafa masa gari. Ƙyallinsa ya tafi. Na juya bayan ganyen, sai ga wata saƙa siririya kamar ta gizo-gizo. Na sa tabarau. Wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa jajaye suna yawo a kai, ko ƙwayar gero ta fi su girma nesa ba kusa ba. Na goga farin hankici, ya fito da jan zane. Na ƙara rufe ɗakin, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma don kada wasu su ƙara shigowa.

Ba su ragu ba. Fure ɗaya ya faɗi. Na ɗauka na ɓoye a aljihu kamar wanda ya yi sata.

Shakira ce ta san maganin, amma kiran ta a kan wannan magana daidai yake da in ce na faɗi. Sai na kira Kabirou, ƙanin Inno, manomin auduga a wajen Partago. Dama yana Parakou ya zo sayen kayan babur. Ya shigo ɗakin, ya leƙa tukunyar, ya kwashe da dariya.

"Yaya, wannan ce gonar taka? Ina hatsin?"

"Kabirou, ba wasa na kira ka ba."

"To kwantar da hankalinka. Maganin auduga zan kawo maka. Ba abin da ke numfashi da zai sha shi ya kwana. A garinmu da shi muke feshin tumatir, da shi muke korar kuɗin cizo. Har wani ya wanke wa karensa ƙuma da shi."

"Karen ya warke?"

"Ƙumar dai ta mutu," in ji shi.

Washegari ya dawo da tankin feshi a goye, irin wanda ake zagaye kadada da shi. Ya ɗaure hanci da rawani, ya tsaya a gaban tukunyar da ba ta kai kwanon sha ba, ya yi ta famfo. Kafin ya gama, gidan duka ya fita titi. Inno tana tari tana zagin danginta da nawa. Maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko gobara ce. Kyankyasai suka fito daga inda ban san akwai rami ba, suka yi rigingine. Ƙadangaren da ke bayan agogon bango ya faɗo. Ranar a shago na kwana, Inno kuma gidan yayarta a unguwar Guéma.

Da warin ya lafa na shiga. Duk mai rai a ɗakin ya mutu, ban da jajayen nan. Su kam kamar walima aka yi musu. Ba a jima ba saƙarsu ta haɗe ganye da ganye, bakin ganye biyu kuma ya ƙone. Furen da ya rage guda ɗaya ne, shi ma ya sunkuyar da kai.

Na kira Kabirou. Ya ce, "Ka ga, Yaya, awon ne bai isa ba. Bari in zo mu ninka."

Inno ta fizge wayar. "Ka zo, ka ga yadda zan ninka ka."

Ta juyo gare ni. "Malam, ka ɗauki abin nan ka kai wa mai shi tun yana da sauran rai. Ko ka fi so ta zo Sallah ta tarar da tukunya?"

Na zauna na yi lissafi. In na kai, na faɗi. In ban kai ba, furen ya mutu, na faɗi kuma na kashe wa yarinya kyautar malamarta. Amma akwai abin da ya ba ni ƙarfin guiwa. Wataƙila in tarar ita ma ta rame. In duka mun faɗi, ai magana ta koma hannun uba.

Na naɗe tukunyar da zanen Inno na shiga tasin Djougou. Na zauna gaba, na rungume ta a ƙirji. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Sannu Alhaji, Allah ya ba shi lafiya. Asibiti za a kai shi?" Na ce amin. Duk ramin da direba ya faɗa sai ta ce ya yi a hankali, akwai jariri.

Shakira tana haya a gidan wata hajiya mai sayar da wagashi, wato cukun nonon shanu. Ina shiga na gan ta tana wanke takalmin gona a bakin famfo. Na dube ta daga sama har ƙasa ina neman rama. Babu. Kumatunta sun ciko, wuyanta har ya yi layi. Ko tarin kirki ba ta yi mini ba.

"Baba! Lafiya? Me ka rungumo?"

"Hanya ce ta biyo da ni," na ce.

Ta buɗe zanen. Ta daɗe tana kallo. Ta shinshina ganyen, ta ja da baya.

"Kawu Kabirou ya zo gidanmu ke nan."

"Ya ɗan leƙo."

"Baba, wannan maganin ba ya kashe su. Dangin gizo-gizo ne, ba irin tsutsar auduga ba. Ƙwarin da ke cinye su ne maganin ya kashe. A ina ka ajiye shi?"

"A ɗakina. Na rufe ko'ina, ko ƙuda ba ya shiga. Na kunna masa fanka."

"Kana fesa masa ruwa?"

"Da wannan iskar? Ya yi mura?"

Hajiya mai gida, wadda ke jin mu daga bakin murhu, ta juya mana baya, kafaɗunta suna rawa.

"Abin da suka fi so ke nan," in ji Shakira. "Zafi, da bushewa, da wurin da aka kulle."

Ta kai shi bakin famfo. Ta kaɗa ɗan sabulu a ruwa, ta ɗauki tsumma mai laushi ta wanke kowane ganye ciki da baya, ta ɗauraye. Ta yanke waɗanda suka ƙone. Ina tsaye ina cewa ta yi a hankali, ruwan ya yi sanyi. Ta ajiye shi a inuwar baranda, nesa da sauran shukokin hajiya don kada su kamu, iska tana kaɗa shi ta ko'ina. Ta ce za ta riƙa maimaita wankin duk bayan 'yan kwanaki, saboda ƙwan da suka bari zai ƙyanƙyashe.

"Zai rayu?"

"Zai rayu. Amma bana ba zai ƙara fure ba." Ta share hannu a zaninta. "Baba, yarjejeniyarmu fa?"

"Ai bai mutu ba."

"Lalacewa muka ce. Inna shaida ce."

Na sake duban kumatun nan, ko Allah zai sa in ga wani abu. Hajiya ta ajiye mini kwanon sakwara da miyar gyaɗa da wagashi a kai. Na ci loma ɗaya na gane inda matsalar take. Ba mai ramewa a gidan nan.

"Shi ke nan," na ce. "Na daina cewa ki dawo."

Ta raka ni tasha. Furen ya zauna a wurinta. Na hau mota da zanen Inno a ninke a cinya.

Na cika alkawari. Tun ranar ban ƙara ce mata ta dawo gida ba, ban kuma ƙara tambayar ko ta ci abinci ba. Sai dai mara lafiya yana da haƙƙi a kan wanda ya yi jinyarsa. Don haka kullum da safe in na buɗe shago, nakan kira ta.

"Shakira, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Baba. Ya fara sabon ganye."

"Madalla. Kin wanke shi?"

"Na wanke."

"To bayan kin taɓa ruwan sanyin nan, kin sha wani abu mai zafi?"