Ƙofar da Maƙeri Ya Rufe

Ruwan farko ya sauka da asuba, a daminar da ta biyo bayan babban farin tamanin da huɗu, kuma ko wawa ya san abin da hakan ke nufi. Ƙasa ta jiƙe kamar tsawon hannu, ba ta wuce haka ba. Wanda ya zuba iri kafin rana ta shanye laimar ya yi shuka. Wanda ya makara sai ya jira wani hadarin, in akwai wani.

Mutanen Garin Ɗanbaba, can bayan Gidan Sori, ba su da ko ƙwaya ɗaya da za su zuba. Irin da suka ɓoye a tuluna tuni suka daka shi suka dama wa yara. Geron shukar da aka ware musu na taimako yana mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a Gidan Rumji, kuma motar da za ta kai shi ita ce tsohuwar kamyon, babbar motar kaya ta 'ya'yan Tata, wato Haladu da ƙanensa Ɗangana.

A baki motar ta su biyu ce. A aikace kuwa Ɗangana ke tuƙi, shi ke kwanciya a ƙarƙashinta, shi ke shan baƙin mai. Haladu aikinsa zama a gefen direba da babbar riga yana ɗaga wa mutane hannu ta taga. Shi ne ɗan fari, kuma a gidansu ba a taɓa ce masa ya yi kuskure ba. Uwarsu Tata ko sunansa ba ta kamawa saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "wancan" tana kallon wani gefe. Shi kuwa gogan ya ɗauki wannan kawaicin ya naɗa shi rawani.

Sun gama lodi da hantsi. Ba su yi nisa da barin kwalta ba motar ta soma ja da baya kamar jakin da ya kwana da yunwa, hayaƙi baƙi ƙirin, ƙarfi babu. Ɗangana ya lallaɓa ta zuwa wani ƙauyen bakin hanya, ya buɗe inji, ya ga abin da yake tsoro.

Injin motar yana da turbo, wato wata 'yar farfela da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma tana cusa wa injin iska don ya ƙara ƙarfi. A gefenta akwai wata 'yar ƙofa wadda ba ta kai tafin hannu ba, da sanda da rasor, wato sifirin, masu riƙe ta. Idan iskar ta yi yawa sai ƙofar ta buɗe, ragowar hayaƙin ya bi ta gefe ya fice, farfela ta lafa. Idan an sassauta, rasor ya mayar da ita ta rufe. Yau sandar ce ta karye. Ƙofa ta saki baki, hayaƙin duk yana zurarewa ta nan bai ko taɓa farfela ba.

"Yaya, sai na koma Gidan Rumji," in ji Ɗangana. "Akwai mushen mota irin wagga bayan garejin Iro, in ciro sanda da rasor nata. Don Allah kar kowa shi taɓa ta kahin in komo."

"Kai dai ka cika tsirfa," in ji Haladu. "Tahi."

Ya ari keke ya tafi. Rabin hanyar tura shi ya yi cikin yashi, ya ciro sandar da hannunsa, ya juyo yana haki. Tun daga nesa ya hango hayaƙin gawayi a gefen motar, ya ji ƙarar guduma.

Maƙerin ƙauyen ne, wani dattijo mai suna Hayatu, tsugune a kan inji. Kada a zalunci Hayatu, mutumin kirki ne, kuma gwani a sana'arsa. Shekarun farin nan da toshe ɓula ya ciyar da gidansa: bokitin rijiya, tukunyar ƙarfe, ƙofar rumbu, duk abin da ke yoyo a wannan yankin ta hannunsa ya bi. Lokaci ne da ba a yafe wa komai ya zuba, ko ɗigon ruwa ne. Da Haladu ya kira shi ya nuna masa 'yar ƙofar tana reto, ya kuma ba shi labari rabi da rabi cewa abin nan iska yake hura wa inji, sai dattijo ya gane abin da irin ganewarsa. Ya gasa ƙarfe ya yi ja, ya naɗe hannun ƙofar da shi, ya dake shi a jikin turbo har bakin hannun ya baje. Aiki mai kyau, wanda ko jikokinsa ba za su kwance ba.

"Mi kunka yi?" in ji Ɗangana. Keken ya faɗi bai ko waiwaye shi ba. "Baba, mi kunka yi mata?"

"Na rufe maka ɓular, ɗana," in ji Hayatu, yana murmushin wanda ya yi abin alheri. "Zuga-zugi in ya huje ba shi hura wuta. Wagga ko ba ta sake buɗewa, na yi maka alkawari."

"Ai don ta buɗe anka yi ta! Ba ɓula ba ce, Baba, ƙofa ce. Zuga-zuginka hannunka ka tsai da shi in wuta ta yi yawa. Wanga ba shi da hannu, ita ce hannun nasa. In ba ta buɗe ba haka zai ta hurawa har injin shi hwashe!"

Murmushin dattijo ya dushe. Ya dubi Haladu, shi kuwa Haladu ya karkaɗe rigarsa.

"To malamin turawa, ka gama? Na tada ta, na ji kukanta, tun da munka saye ta ba ta taɓa ruri haka ba. Kai kana can kana yawon keke, ni ina nan ina aiki. Har na aika gida."

"Ka aika mi?"

"Wani mai raƙumi ya wuce, na ce shi hwaɗa ma Inna da mai gari su hita gona su soma sara. Iri na tahe kahin azahar. Mu iske ramu a shirye, sai zubawa kawai."

Ko yaron goye a ƙauye ya san yadda ake shuka: mai sungumi yana gaba yana sara rami, mai iri yana bin sawunsa yana zubawa yana rufewa da diddige, don kada laima ta gudu. Ba a buɗe ƙasa a bar ta tana kallon rana. Amma mutanen da suka shekara suna cin ganye, aka ce musu ga iri nan a hanya, kuma babban ɗan Tata ne ya faɗa, wa zai zauna? Za su fita, da tsofaffi da masu ciki, su zuba ɗan ƙarfin da ya rage musu a cikin ƙasa.

Ɗangana ya gwada sandar da ya kawo. Bakin hannun ƙofar ya baje, ba ta shiga. Yanke ƙarfen Hayatu da zarto kuwa sai ya ci yinin gaba ɗaya. Ya yi jifa da sandar cikin mota, ya hau, ya ce wa yayansa ba tare da ya dube shi ba, "Sannu za mu tahi. In ka ji ta soma hito, to ajalinta ne ka kira. Kar ka ce mini komi."

Ai kuwa motar ta tashi kamar an canza ta. Taɓa ta kaɗan sai ta zabura. Ɗangana ya riƙa tafiya da ita kamar mai ɗauke da ƙwai, yana sauraren siririn fiton da ke tasowa daga inji duk lokacin da ƙafarsa ta ɗan nutsa. Haladu kuwa baki har kunne. Ya ce a taka. Ya ce raƙumi ma ya fi su sauri. Ya ce tun suna yara Ɗangana matsoraci ne, ko kare ya yi haushi sai ya ɓuya a bayan zanen Inna. Ɗangana ya cije leɓe har ya ji gishirin jini. Tsakani da Allah, a ransa ya zagi yayansa zagin da bai taɓa yi wa ko ɗan tasha ba.

Haka suka wuce Gidan Sori rana tana tsaka. Gonaki hagu da dama, ƙasar da ta yi duhu da safe ta soma yin fari daga sama. Saura tudu ɗaya, dogon tudun yashi da ke tsakaninsu da kwarin garinsu. Ɗangana ya san shi sarai. Niyyarsa ya tsaya a gindinsa, su sauke rabin buhunan, ya haura da rabi, ya dawo ya kwashi saura. Ya soma rage gudu.

"Mi kake yi?" in ji Haladu.

"Rage kaya za mu yi."

"Mutane na cikin rana suna jira, kai kana maganar sauke kaya? Taka mota!"

"Ba ta ɗauka, Yaya."

"Ni za ka hwaɗa ma abin da motata ka ɗauka?"

Sai Haladu ya miƙo ƙafarsa, da takalminsa na fata mai ado, ya ɗora a kan ƙafar ƙanensa ya danne har ƙasa.

Motar ta yi kukan kura ta faɗa tudun. Gaskiya ta hau, ta hau fiye da yadda ta taɓa hawa, yashi na tashi a bayanta, Haladu na ihu yana dukan ƙofa. Fiton ya ƙaru, ya zama ƙara mai huda kunne. Ɗangana yana fizgar ƙafarsa yana cewa, "Ɗaga! Ɗaga, don Allah!" Can sai wani abu ya fashe a cikin inji kamar an harba bindiga. Farin tururi ya rufe gilashi, motar ta yi tari biyu ta tsaya, baƙin mai da ruwa suna tsiyaya cikin yashi. Ba su ko kai rabin tudun ba.

Ɗangana ya sauko. Bai buɗe injin ba, ya san abin da zai gani. Ya zagayo ta ɗaya gefen, ya buɗe ƙofa, ya kama wuyan babbar rigar ya jawo yayansa ƙasa. Bai taɓa ɗaga masa murya ba tun da aka haife shi, yau kuwa har muryar ta dushe.

"Ka ji daɗi? Ka kai iri kahin azahar? Kai ba ka san inji ba, ba ka san gona ba, ba ka san komi ba sai a ce maka ranka shi daɗe! Abu guda na roƙe ka, kar a taɓa. Guda! An yi ma ƙarfe hanyar da zai huce, kai ka ga asara ce, ka sa an toshe. Dattijon nan bai sani ba, kai ko an hwaɗa maka!"

"Ɗangana, ni ne hwa babba…"

"Babba? To babba, ɗauki buhu."

Haladu ya dubi buhunan, ya dubi tudun, ya dubi rigarsa. Ya ce ai dole wani ya tsaya gadin kaya. Ɗangana ya tofar da yawu a gefen takalmin nan mai ado. Ya jawo buhu ɗaya ya saɓa a wuya, ya kama hawan tudu.

Sai bayan la'asar ya sauka kwarin. Abin da ya gani ya fi mutuwar motar ciwo. Gonakin garin gaba ɗaya an sare su, rami bayan rami, layi bayan layi, har inda ido ya tsaya. Mutane na zaune a bakin gonakinsu da ƙoren da za su zuba iri, babu komai a ciki. Da suka hango mutum ɗaya da buhu ɗaya, sai suka gane abin da ya faru. Wasu mata suka juya baya.

Tata tana gonarsu, ta dogara da sungumi. Tsohuwar da ko tulu ba ta iya ɗauka yanzu, ita kaɗai ta sare gonar tun daga kan iyaka har gindin gawo. Tafin hannunta ya fashe. Ɗangana ya sauke buhun a gabanta, ya durƙusa ya cusa hannu a rami na farko. Ƙasar ta zube ta tsakanin yatsunsa, busasshiya, da ɗumi. Ya gwada na biyu, ya gwada na can tsakiya. A ƙasan wasu akwai ɗan sanyi-sanyi, wanda shi ne mafi sharri, don zai sa ƙwaya ta tsiro kawai ta mutu.

"Inna, motar ta mutu bisa tudu," ya ce. "Sauran irin na can. Sai an tahi an ɗauko bisa kai."

Ba ta dubi buhun ba. Ta dubi ramukan da ta yini tana sara, ta dubi tudun. Ɗangana ya jira ta ce "wancan" kamar kullum, ta kau da kai, a rufe maganar kamar yadda aka saba rufewa. Sai ya ga ta gyara tsayuwa, ta ɗaga murya yadda na gonar kusa da na gaba da ita za su ji.

"Ina Haladu?"

Matar da ke gonar maƙwabta ta dafe baki. Ɗangana kansa sai da tsigar jikinsa ta tashi, don bai taɓa jin sunan nan daga wannan bakin ba.

"Shina gadin kaya, Inna."

Ta miƙa masa sungumin, ƙotar duk jinin hannunta.

"Kai mishi. Ka ce Haladu shi zo shi rufe ramun ga da hannunai, ɗaya bayan ɗaya. Ina nan zaune ina kallo."