Ragon Félix

Shekara talatin da takwas Félix yana sayen ragon Nowel, wato Kirsimeti, amma bai taɓa yanka shi da hannunsa ba. Ba tsoron jini yake yi ba. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, Kirista, kuma a unguwarsu ta Dogon Dutsi gidansa kaɗai ke zuwa majami'a. In ya yanka da kansa, naman ba zai shiga tukunyar maƙwabci ko ɗaya ba. Don haka kowace shekara amininsa Mahmuda makiyayi ke zuwa da wuƙarsa, ya juya ragon gabas, ya yi bisimilla, ya yanka. Wuya na mai yanka ne. Sauran kuwa Pauline, matar Félix, ta raba shi gida gida.

Kai, an sha daɗi a lokacin. Mahmuda ba ya taɓa rago sai ya kushe shi. Ya ce wanga rago ne ko kyanwa? Félix ya ce ai daga garkenka ya fito. Ƴaƴansu, Armel na Félix da Abdurrazak na Mahmuda, tare suka tashi, kuma kullum a kan wuyan nan suke dambe, har Ajuma matar Mahmuda ta gaji ta riƙa dafa musu shi a kwano ɗaya.

Bana Mahmuda ya rasu da bazara. Da damina kuma gardamar addini ta haɗa Armel da wasu a kasuwa. Kafin la'asar magana ta cika gari cewa ya yi saɓo. Wanda ya ji da kunnensa ba a same shi ba, masu cewa an ce kuwa ba su ƙirguwa. Armel ya kwana biyu a komisariya, hannun ƴan sanda, don a tsare ransa, da ya fito ya wuce Yamai. Abdurrazak, wanda yanzu yake jan salla a masallacin unguwa, bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi komai ci wa Félix rai.

Duk da haka ya sayi rago. Pauline ta ce, "Wa za shi yanka maka?" Ya ja ragon ya ɗaure a tsakar gida.

Ranar Nowel suka dawo daga majami'a, ya zauna gindin dalbejiya yana duban ƙofa. Hantsi ya wuce, rago na ta tuƙa. Da rana ta take ya tashi ya ɗauko wuƙar ɗakin girki, ya tsaya yana wasa ta a dutse, ya fi ƙarfin minti goma, hawaye na neman kunyata shi.

Sai aka yi sallama. Ajuma ce, da wuƙar mijinta naɗe cikin tsumma, Abdurrazak na bayanta kansa sunkuye.

"Aje wagga, Mushe," in ji ta, yadda ake kiran malaman lakwal. "Mahmuda ya mutu, wuƙatai ba ta mutu ba."

Abdurrazak ya durƙusa ya gaida shi, ya naɗe hannun riga. Félix ya riƙe ƙafafun baya, inda ya saba riƙewa. Abdurrazak ya yi bisimilla ya yanka. Da aka gama fiɗa Félix ya yanko wuyan ya miƙa masa, bai san ko za a karɓa ba.

Abdurrazak ya karɓa. Ya daɗe yana dubansa.

"Baba Félix, na san Armel bai hwaɗi abin da anka ce ba. Na sani tun rannan, tsoro ya hana ni magana." Ya share fuska da gefen hannu. "Ka kira shi, ka ce shi taho gida. Ni ka zuwa tasha in tarbo shi."

Ajuma ta karɓe wuyan daga hannunsa. Ta ce za ta soya shi ta ajiye, ba mai taɓawa sai shi da Armel sun zauna su biyun.